Lokacin da manhaja ta ƙi: tambayoyin masu situdiyo, masu zane da masu rubuta manhaja a Kano

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa daga 'yan situdiyon Zoo Road, da masu zanen fasta da katin biki, da ɗalibai masu koyon rubuta manhaja. Akasarinsu kan zo ne da hukunci a gaba: wai manhajar ce ta lalace. Idan aka bincika, sau da yawa lafiyarta ƙalau, matsalar tana wurin saiti, ko wuta, ko yadda aka miƙa fayil daga hannu zuwa hannu.

Tambaya: Idan mawaƙi yana rerawa a FL Studio, muryarsa tana dawo masa a kunne a makare, har ta rikita shi. Ina gyaran yake?

Amsa: Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a ɗan ma'aji da ake kira bafa, sai ya cika ta tura. Girman ma'ajin shi ne tsawon jiran. Idan kana aiki a kan ɗigon sauti 44100 a daƙiƙa kuma bafa tana ɗaukar 512, jiran ya kusa kashi 12 cikin 1000 na daƙiƙa a shiga, da wani kamarsa a fita. A 128 kuwa bai kai kashi 3 ba, kunne ba ya kama shi.

Ka danna F10, ka shiga Audio, ka duba direban da aka zaɓa. Idan kana da akwatin sauti na waje, wanda ake kira sawun kad, to direban ASIO na kamfanin da ya ƙera shi za ka ɗauka, ba na Windows ba. Wanda ba shi da akwatin sai ya yi maneji da FL Studio ASIO ko ASIO4ALL. Lokacin ɗaukar murya ka sa bafa a 128 ko 256. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, kwamfutar ta gaza, ka ɗaga mataki ɗaya. In an zo haɗa sauti, mayar da ita 1024, tunda babu mai rerawa a lokacin.

Abu biyu kan sa jinkirin ya ƙi tafiya ko an yi duk wannan. Na farko, filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ƙara wa babbar, musamman masu nauyi da aka jera a kan babban layin fita, irin masu danne ƙarar waƙa a matakin ƙarshe. A kashe su sai an gama ɗauka. Na biyu, abin kunne na Bluetooth. Wannan ba shi da magani, a nemo mai waya.

Tambaya: Akwai wani gurnani a ƙarƙashin duk muryar da na ɗauka. Na sauya manhaja daga FL zuwa Cubase, yana nan.

Amsa: Zai kasance yana nan, don ba daga manhaja yake ba. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kake ji. Gwajin minti ɗaya ne: zare cajar laftof, ka ɗauki shiru a kan batir. Idan gurnanin ya ɗauke, laifin caja ne ko wayarin ɗakin, domin gine-gine da yawa ba a haɗa musu wayar ƙasa ba. Ka jona kwamfuta da akwatin sauti da lasifika duk a soket guda, ka yi amfani da wayar makirufo mai ƙafa uku, kuma kada ta kwanta a jikin wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul ita ma tana zuba ziza.

Yanke duk sautin da kaɗawarsa ke ƙasa da 80 a daƙiƙa da EQ, filogin da ke tace sauti, yana rage shi, amma gurnanin yana da 'ya'ya a 100 da 150, daidai inda kaurin muryar namiji yake. Ka bi su da yanka, muryar ta koma kamar ta rediyon hannu.

Tambaya: Na sa Auto-Tune amma muryar sai rawa take, tana tsalle zuwa inda mawaƙiyar ba ta je ba.

Amsa: Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ba ya sanin waƙa. Jan murya kawai yake zuwa sautin da ya fi kusa a cikin jerin da ka ba shi. Idan kiɗan yana kan A minor kai kuma ka bar shi a C sharp, zai ja ta zuwa wurin da bai dace ba da iyakar ƙarfinsa. Saboda haka a fara tabbatar da makullin kiɗan daga wanda ya buga fiyano.

Barin sa a Chromatic shi ne kuskuren da ya fi yawa a nan. Mawaƙan Hausa suna yawan zamewa daga sauti zuwa sauti, suna lanƙwasa ƙarshen baiti, kuma a Chromatic duk sautuka 12 a buɗe suke, don haka kowace lanƙwasa sai ya tsaya a tsakiyarta ya kama wani sautin. Waƙoƙi da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya. Cire waɗanda waƙar ba ta taɓawa, rawar za ta ragu nan take. Sai Retune Speed, wato saurin jan muryar: sifili shi ke ba da muryar ƙarfe da aka saba ji, daga 20 zuwa sama kuma muryar mutum ce da gyara. Wanne ya fi, wannan zaɓin mai waƙa ne. A duba Input Type ma, kada a bar muryar mace a kan Low Male. Kuma Auto-Tune ɗin ne farko a jerin filogin, kafin amsa-kuwwa. Idan kiɗa yana tsiyaya daga abin kunne zuwa makirufo, ko fankar sama tana juyawa, zai riƙa bin su maimakon muryar.

Tambaya: Na kai aikina wani situdiyo a filash, ya buɗe amma rabin kayan kiɗan babu.

Amsa: Fayil ɗin flp, wanda FL Studio ke ajiye aiki a ciki, bai ƙunshi sautukan ba, adireshin inda suke a kwamfutarka kawai ya riƙe. A wurin ajiyewa ka zaɓi zip, zai tattaro su. Filogin kuwa ba sa bin zip. In babu su a can, babu su. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce fitar da kowane layi daban a WAV mai 24-bit ta hanyar Split mixer tracks, duka su fara daga farkon waƙa, a rubuta gudun kiɗan a sunan jakar.

Tambaya: Ina rubuta ƙ da ɗ da ɓ a CorelDRAW sai su zama akwati, ko su fito da wani salo daban da sauran haruffan.

Amsa: Salon haruffan da ka zaɓa ba shi da su. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Mai ƙera salon haruffa shi ke zana wa kowace lamba siffa, kuma yawancin salon ado da ake saukewa kyauta an tsaya ne a haruffan Turanci. In manhaja ta nemi siffar ta rasa, ko ta sa akwati, ko ta aro daga wani salon, shi ya sa kake ganin ƙ ɗaya siririya a tsakiyar kalma mai kauri.

Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka, haka Charis da Andika da Gentium na SIL, kuma kyauta ne. Wajen bugawa, Windows yana da allon rubutun Hausa a saitin harshe. In ka ƙara shi, Alt na dama tare da k ko d ko b zai ba ka mai lanƙwasa. A Word kuma kana iya rubuta 0199 ka danna Alt da X.

Idan mai aiki ya nace sai wani salon ado da ba shi da su, a babban take kaɗai, rubuta k, ka mayar da rubutun zane da Ctrl da Q, ka yanko lanƙwasar f ko r ta wannan salon ka ɗora. Aikin minti biyar ne. Abin da bai kamata ba shi ne a sauke lanƙwasar a yi shiru. Kafa daban, ƙafa daban, kuma bana mai faɗin mita uku ba ta ɓoye kuskure.

Tambaya: Katin ɗaurin aure ya yi kyau a allo, da aka buga shuɗin ya dushe, hoton ya yi dishi-dishi, an kuma yanke gefen rubutu.

Amsa: Matsala uku ce. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Inji da tawada huɗu yake yi, CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa. Ka fara aikin a CMYK tun daga buɗe shafi, don ka ga gaskiyar launin da wuri. Ƙananan rubutu baƙi ka sa su K 100 kaɗai, wato baƙar tawada zalla. In ka haɗa baƙin da tawada huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, sai rubutun ya yi inuwa.

Hoton kuma, mai yiwuwa ta WhatsApp aka turo shi a matsayin hoto, ta matse shi. A ce wa mai shi ya sake turowa a matsayin Document. Abin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a inci, wato cikakken A4 ya kai 2480 a 3508. Bana da za a kalla daga tsallaken titi 100 ma ya ishe ta. Ƙara lambar a Photoshop ba ya ƙirƙiro abin da babu a hoton.

Yanka kuwa, ka bar milimita 3 na launin bango ya zarce iyakar katin ta kowane gefe, rubutu kuma ya ja baya da milimita 5 daga baki. Kafin ka kai maɗaba'a, mayar da rubutu zane, ka tambayi wane CorelDRAW suke da shi, don tsoho ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Akwai wurin zaɓar Version a Save As. PDF ya fi duka kwanciyar hankali.

Tambaya: Na sa Python, amma in na rubuta python a baƙin allo sai ya ce bai san shi ba.

Amsa: An tsallake ɗan akwatin Add python.exe to PATH a shafin farko na sakawa. Sake kunna fayil ɗin sakawar, ka gyara, ka rufe baƙin allon ka buɗe sabo. Kafin nan gwada py kawai, sau da yawa yana amsawa.

Tambaya: Na yi wa wata makaranta manhajar rajistar ɗalibai. Sunaye irin Sa'adatu da Mu'azu suna ƙin shiga, ƙ kuma tana fitowa Æ™.

Amsa: Na farkon ya fi haɗari. Kana liƙa sunan kai tsaye a cikin umarnin SQL, harshen da ake magana da ma'ajin bayanai da shi, shi kuma SQL da wannan alamar ta ' yake gane ƙarshen rubutu, sai ya ɗauka sunan ya ƙare a Sa. Kada ka magance shi da goge alamar ko hana mutane rubuta ta. Ƙofar da Sa'adatu ta makale a ciki, ta nan ɓarawo zai shigo da umarninsa ya kwashe ko ya goge bayanan makarantar. A bar gurbi a umarnin, a miƙa sunan daban: prepare da execute a PDO na PHP, alamar tambaya a sqlite3 na Python.

Na biyun kuma, a UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. In wani sashe ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ya ga haruffa biyu, Æ da ™. Dole kowane mataki ya yi magana da harshe ɗaya: shafin ya ɗauki meta charset utf-8, teburin MySQL da haɗin da ke zuwa gare shi su zama utf8mb4, a Python kuma a rubuta encoding="utf-8" duk lokacin buɗe fayil. In Excel ne zai buɗe CSV ɗin, sa utf-8-sig. A wurin bincike kuma ka tuna magatakarda zai rubuta Dahiru yana neman Ɗahiru. Ka ajiye wani gurbi na sunan ba lanƙwasa, bincike ya bi ta nan.

Tambaya: An ɗauke wuta, da aka dawo MySQL na XAMPP ya ƙi tashi.

Amsa: An katse shi yana tsakiyar rubutu. Kafin ka taɓa komai, kwafe jakar data da ke cikin mysql gaba ɗaya zuwa wani wuri, sannan ka karanta mysql_error.log. Kada ka goge ibdata1 don wani ya ce haka ake yi, teburanka na InnoDB sun dogara da shi. Gaba, a riƙa ɗaukar kwafin bayanai da mysqldump kullum kafin a tashi, kwamfutar tebur kuma a sa mata UPS.

Tambaya: Wace laftof zan nema a Beirut Road ko Farm Centre da za ta ɗauki duk ayyukan nan?

Amsa: RAM mai GB 16 in da hali, 8 shi ne ƙarshen ƙasa, kuma Android Studio zai wahalar da kai a kansa. SSD dole ne. Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, domin Windows 11 daga nan ya fara karɓa, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A gaban mai shago ka rubuta powercfg /batteryreport, ka gwada abin da batirin ke ɗauka yanzu da abin da aka ƙera shi da shi.

In ta fara nauyi bayan wata shida, kafin ka zargi manhaja ka taɓa ƙasanta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu ya zo ya same ta a toshe, injin, wato firosesa, ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. A buɗe a busa, a sauya man sanyaya da ke kan injin, a daina ɗora ta a katifa.

Tambaya: Manhajar da aka fasa, wadda ake sa wa mutum a shago, tana da illa?

Amsa: Ban da hakkin masu ita, sai an kashe rigakafin kwamfuta kafin ta shiga, kuma ba ka san me ya shigo tare da ita ba, a na'urar da kake buɗe imel da asusun banki. Filogin da aka fasa kuma suna cikin abubuwan farko da ake zargi in aiki ya rufe kansa ana tsakiyar ɗauka. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana da Inkscape a madadin CorelDRAW, GIMP a madadin Photoshop, Audacity don yanka da gyaran murya. VS Code da Python dama kyauta ne. Reaper yana ba da kwana 60 na gwaji ba a rage komai ba. FL Studio na gwaji yana barin ka ajiye aiki amma ba ya sake buɗe shi sai ka biya, kuma in ka biya sau ɗaya, duk sabon da Image-Line ta fitar naka ne ba ƙarin kuɗi.