Waiwaye: 'Ya'yan baƙi a makarantun Amurka, da yadda tsoro ke hana su zuwa aji

A watan Satumba na 1977, tun duku-duku gari bai gama wayewa ba, wasu iyaye 'yan Meziko suka nufi kotu a garin Tyler na jihar Texas, cikinsu har da waɗanda suka loda kayan gidansu kaf a mota don sun san ba mamaki daga kotun sai dai a tasa ƙeyarsu zuwa bakin iyaka. Abin da ya kai su kuwa makarantar yara ce. Jihar ta yi doka a 1975 cewa ba za ta kashe ko sisi kan yaron da bai da takardun zama ba, sai hukumar makarantun garin ta ce to kowane yaro ya kawo dala 1,000 a shekara ko ya zauna a gida, mutanen da aikin ƙarfi suke yi ina za su samo wannan kuɗin fisabilillahi. Alƙali William Wayne Justice ya ce a mayar da yaran aji, shari'a ta yi ta tafiya har kotun ƙoli, ranar 15 ga Yuni 1982 alƙalai 5 suka rinjayi 4 a hukuncin da ake kira Plyler. Hujjar mai shari'a Brennan, wanda ya rubuta hukuncin, mai sauƙi ce, yaro ba shi ya zaɓi tsallako iyaka ba, don haka ba a hukunta shi da jahilci kan abin da iyayensa suka yi. Har yau wannan hukuncin na nan daram.

Amma shiga aji daban, gane abin da ake cewa a ajin daban, kuma rigimar harshe ta ma girmi ta takardu. Bayan yaƙin duniya na farko ƙiyayyar Jamusawa ta yi yawa, jihar Nebraska ta hana koyar da ƙananan yara da wani harshe in ba Turanci ba a 1919, aka gurfanar da wani malami Robert Meyer don kawai an same shi yana karantar da ɗan shekara 10 da Jamusanci, sai a 1923 kotun ƙoli ta soke dokar. A 1968 gwamnatin tarayya ta fara ware kuɗi don koyarwa da harshe biyu. Sannan shari'ar Lau ta 1974, wadda ni a ganina ita ce ta fi taɓa zuciya, yara 'yan asalin Sin wajen 1,800 a San Francisco suna zaune a aji safe da rana ba sa jin Turanci kuma ba mai taimaka musu, hukumar makarantu ta ce ai littafi ɗaya malami ɗaya muka ba kowa, kotu ta ce wannan ba adalci ba ne tunda yaron bai fahimtar komai a ciki.

Daga nan abin ya zama yau gaba gobe baya. Kalifoniya ta kaɗa ƙuri'a a 1994 kan a kori yaran baƙin haure daga makarantun gwamnati, kotu ta taka birki. A 1998 ta kusa kashe koyarwa da harshe biyu, a 2016 kuma ta dawo da ita.

Inda nake son mu tsaya shi ne nan, don abin da na lura da shi a tarihin nan ba sai an soke haƙƙin yaro ake raba shi da makaranta ba, tsoro kaɗai ya isa. A 2011 Alabama ta yi doka cewa makarantu su riƙa bincikar matsayin takardun yaro wajen rajista, dokar ba ta ce a kori kowa ba fa, amma cikin kwanakin farko yara masu jin Sifaniyanci sama da 2,000 ba su zo aji ba a rana ɗaya, kafin kotu ta dakatar da wannan sashen. Ranar 7 ga Agusta 2019 jami'an ICE, hukumar shige da fice ta Amurka, suka kai samame masana'antun sarrafa kaji a Mississippi suka kama mutum wajen 680, daidai lokacin da aka dawo hutu, yara suka tashi makaranta ba uwa ba uba a gida, maƙwabta da malamai ne suka yi ta fafutukar inda za su kwana. Wlh duk wanda ya ga hotunan yaran nan suna kuka ba zai manta ba.

Tun 2011 akwai umarnin da ya hana jami'an shige da fice kame a makarantu da asibitoci da wuraren ibada sai da wani dalili mai ƙarfi, aka ƙara faɗaɗa shi a 2021, to a watan Janairu 2025 gwamnatin Trump ta janye shi. Wani bincike da Thomas Dee na jami'ar Stanford ya yi a wasu gundumomin tsakiyar Kalifoniya ya nuna fashin makaranta ya ƙaru da kashi 22 cikin 100 bayan samamen farkon shekarar. Kuma da yawan yaran nan a Amurka aka haife su, 'yan ƙasa ne, iyayen ne ba su da takardu, yaro na zaune a aji hankalinsa na can gida yana tunanin ko zai koma ya tarar da mamarsa.

Yanzu masu koyon Turanci a makarantun gwamnatin ƙasar sun haura miliyan 5, kusan ɗaya cikin goma kenan, ba 'yan tsiraru ba ne. Makarantun da suka riƙe yaransu a irin wannan lokacin ba wani abin a zo a gani suka yi ba, ƙananan abubuwa ne da ake yi kullum. Ba sa tambayar takardun zama wajen rajista. Bayanan ɗalibi ba a miƙa wa kowa haka kawai, dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 ta tsare wannan. Mai zama a ofishin bakin ƙofa an koya mata bambancin takardar kame da alƙali ya sa wa hannu da wadda jami'in hukuma ya sa wa hannu da kansa, ta san wa za ta kira kafin ta buɗe wa kowa. Saƙo zuwa ga iyaye a harshensu ake turawa, da tafinta babba, ba a ɗora wa 'yar shekara 9 nauyin fassara wa babanta maganar da za ta hana ta barci.

Sai katin lambar gaggawa da iyaye ke cike wa makaranta, wanda a da uwa kan rubuta suna ɗaya ta miƙa. Yanzu malamai na zama da iyaye su ce a ƙara suna na biyu da na uku da na huɗu, wanda zai zo ya ɗauki yaron in an tashi kuma su ba su dawo ba, uwa na cikewa hannunta na rawa, malamar na gaya mata a hankali cewa gobe ma ta turo shi, kujerarsa na nan.