Barin aiki ba ya cinye kuɗin fansho

Da yawa cikin waɗanda suka bar aikin kamfani a Bompai, unguwar masana'antu ta Kano, suka koma noma a Gaya ko Ringim suna ɗauka kuɗin fanshonsu ya bi ruwa. Ba haka ba ne. A dokar fansho ta 2014, kashi 8 cikin ɗari da ake yanka a albashinka da kashi 10 na kamfani suna shiga asusu mai sunanka, a hannun kamfanin fansho. In ka samu sabon aiki, lambar asusun kawai za ka miƙa. Kada ka buɗe na biyu, warware shi akwai wahala. In wata 4 suka wuce babu aiki, kana iya neman kashi 25 na abin da ya taru. Amma fara duba saƙon asusun, don wasu masu kamfani kan yanka a albashi ba su zuba ba. Irin wannan, PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ake kai wa kuka.