Sifinika a ƙaramin jirgin ruwa

Sifinika wani babban ƙyallen iska ne mara nauyi, mai kumbura kamar tulu, da ake ɗagawa a gaban jirgin ruwa idan iska na busowa daga baya ko daga kusurwar baya. Da yadin nailan ake ɗinka shi. A jiragen tsere mutane da yawa ke aikinsa, amma a ƙaramin jirgin yawo mutum biyu, ko ma ɗaya, kan iya sarrafa shi idan an rage masa igiyoyi.

Asali

Ana kyautata zaton ya fara bayyana a tseren jirage a Ingila wajajen 1865 zuwa 1866. Wasu na danganta sunan da wani jirgi mai suna Sphinx, wasu kuma ba su yarda ba. Nailan ya maye gurbin auduga bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Iri

Akwai mai ɓangarori daidai, wanda ke buƙatar doguwar sanda daga jigon jirgi, wato ginshiƙin da ke ɗauke da ƙyallaye. Akwai kuma mai karkata, wanda ake ɗaure ƙasansa a goshin jirgi ba tare da sanda ba. Na biyun ya fi dacewa da masu ƙarancin hannu, musamman idan an sa masa safa, wato doguwar jakar yadi mai baki mai tauri da ke haɗiye ƙyallen daga sama zuwa ƙasa.

Ɗagawa da saukewa

Ana fara juya jirgi har iska ta zo daga kusan digiri 150 daga goshin jirgi, don babban ƙyallen da ke bayan jigo ya tare wa sifinika ita. Na'urar tuƙi ko abokin tafiya ya riƙe hanya. Sai a ja safar sama a rufe, a duba igiyoyi sun bi ta wajen wayar goshi (wadda ke riƙe jigo daga gaba) da shingen jirgi, sannan a buɗe ta. Tsawon igiyar ja, wato wadda ake daidaita ƙyallen da ita, yakan kai ninki biyu na jirgin, kuma ba a ƙulla mata ƙulli a ƙarshe, domin ta iya zarcewa idan abu ya ɓaci. Wajen saukewa, a koma kusurwar farko, a sassauta igiyar ja har ƙyallen ya saki iska, a jawo safa ƙasa. Haka ake yi in za a sauya gefe: a rufe, a juya, a sake buɗewa.

Matsaloli

Iskar baya tana yaudara. Jirgin da ke gudun not 6 (not ma'aunin gudu ne a teku) cikin iska mai not 15 zai ji kamar not 9 ne kawai, shi ya sa ake makara wajen saukewa. Masu yawo da yawa kan sauke shi da zarar iska ta kai kusan not 15. Idan ta yi masa yawa, jirgin yakan kwanta gefe ya juya fuskar iska, allon tuƙi da ke bayan jirgi ya daina cin ruwa. Maganinsa sakin igiyar ja nan take. Tuƙi da iska a baya tsaf kuwa shi ke sa ƙyallen ya naɗe wayar goshi, kuma warware shi a cikin igiyar ruwa aiki ne ja ga mutum ɗaya.