Sa Hannun Dillali Da Mai Unguwa Ba Ya Kammala Cinikin Gida

A Kaduna, daga Tudun Wada har Rigasa, mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar dillali ya kawo mai saye, an yi sallama, an biya kuɗi, shaidu da mai unguwa sun sa hannu a takarda, to gida ya fita daga hannun mai shi. Wannan fahimta ta daɗe, kuma tana jefa bayin Allah cikin rigimar da ba su zata ba.

Aikin dillali haɗa mai sayarwa da mai saye ne, ya daidaita farashi, ya karɓi la'adarsa. Ba shi da ikon mayar da mallaka. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce wanda gwamna ya ba izinin mallaka ba zai mayar wa wani ba sai da amincewarsa. A jihar nan KADGIS, wato hukumar rajistar filaye, ke kula da wannan. Can ake bincika ko takardar shaidar mallaka ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan a banki, sannan a yi rajistar yarjejeniyar da lauya ya rubuta.

Mai sayarwa ma abin ya shafe shi, ba mai saye kaɗai ba. Muddin ba a canza suna ba, harajin fili da sunansa zai ci gaba da fitowa. Idan kuwa gidan gado ne, sai magada sun amince tun kafin dillali ya fara yawo da maganar.