Shekara biyar a kan maimaita waƙa? Abin da doka ta ce da abin da aka ƙara mata

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan ƙanwata ya tare ni a zaure, waya a hannu, ido ya raina fata. "Kawu, wai gaskiya ta an yi doka, duk wanda yam maimaita waƙar wani shekara biyat za shi yi gidan yari?" Ya kunna mini wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma rantsuwa yake yi cewa ko a sitatus ka ɗora waƙar da ba taka ba, kashinka ya bushe.

Yaron nan yana da wani ɗan ɗaki a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Kwamfuta ɗaya, makirfo ɗaya, sai tsofaffin katifu biyu da ya jingina a bango don su shanye ƙarar janareton maƙwabta. Nan yake haɗa kiɗa da manhajar FL Studio shi da abokansa, irin mawaƙan nan masu zaman kansu da ba su da kamfani ba su da ubangida. Wani lokaci su rera waƙar wani da muryarsu, abin da suke kira koba, wani lokaci su ɗauko tsohuwar waƙar kotso su ɗora mata kiɗan zamani su ce rimis. Kafin ya zo wurina ya riga ya goge waƙoƙi shida daga shafinsa, biyu daga ciki shi ya rubuta su da hannunsa.

Dokar dai akwai ta. Sunanta Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a ranar 17 ga Maris, 2023. Ta maye gurbin wadda aka yi tun zamanin soja a 1988. Tana kare rubuce-rubuce, waƙa da kiɗa, zane, fim, sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen rediyo da talabijin. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ke kula da ita, kuma gajarcen sunanta NCC ne, daidai da na hukumar sadarwa mai kula da layukan waya. Ina zargin daga nan aka samo ƙarin gishirin cewa wai za a toshe layin mutum. Hukumomi biyu ne daban. Haka kuma dokar ba ruwanta da ko waƙarka ta dace da tarbiyya ko ba ta dace ba, wannan aikin wasu ne. Tambayarta ɗaya: kayan wa ka taɓa?

A nan ne mai saƙon murya ya haɗa abubuwa biyu ya dama. Duk waƙar da ka ji a waya, dukiya biyu ce a cikinta. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin, wadda ta mai tsara ta ce. Akwai kuma sautin da aka naɗa a sutudiyo, wanda sau da yawa na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne. Mai koba, wanda ya sake kaɗa kiɗan da kansa ya rera da muryarsa, dukiya ta farko kaɗai ya taɓa. Mai rimis da ya yanko muryar mai waƙa ko bugun kalangunsa daga ainihin sautin, ya taɓa duka biyun, kuma izini biyu yake nema. Ga kunnen mai sauraro koba ta fi kama da kwaikwayo, rimis ya fi kama da ƙirƙira. Ga doka kuwa rimis ɗin ne ya fi nauyi.

Sai maganar shekara biyar, wadda ita ce ta hana yaran barci. Tana cikin sashe na 44. Ƙaramin sashe na 7 ya ce wanda ya saki aikin wani ga jama'a, ko ya ɗora shi a intanet inda kowa zai iya samu lokacin da ya ga dama, ba da yardar mai shi ba, kuma don kasuwanci, ya yi laifi. Hukuncinsa tarar da ba ta gaza naira 1,000,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Mai saƙon ya karanta adadin daidai. Abin da ya haɗiye su ne kalmomin nan biyu, don kasuwanci, alhali su ne ginshiƙin da laifin ya tsaya a kai. Ɗalibar jami'ar Danfodiyo da ta rera baiti biyu a ɗakin kwana ta tura wa ƙawayenta ba ciniki take yi ba. Wanda ya tara waƙoƙin mutane ɗari a shafinsa, ya kunna talla, kuɗi na shigowa aljihunsa duk wata, shi ne sashen ke nufi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a nan nake cewa a yi hattara. Hajiyar da ke sayar da turaren wuta ta ɗora waƙar da ke tashe a kan bidiyon hajarta, ba waƙa take sayarwa ba, amma waƙar na taya ta ciniki. Shi ya sa TikTok ma ya ware wa shafukan 'yan kasuwa rumbun waƙoƙi daban da na sauran mutane. Shi kuma ɗan ƙanwata, ranar da YouTube ya fara biyansa a kan kobar da ya ɗora, matsayinsa ya sauya, ko da kuɗin bai kai na cefanen kwana biyu ba. Kuma rashin kasuwanci daga ɗauri kawai yake fitar da mutum. Mai waƙa yana da damar kai ƙara ya nemi diyya ko umarnin a sauke, a Babbar Kotun Tarayya, don ita kaɗai ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka.

A zahiri, abin da ya fi samun mai koba shi ne a sauke masa waƙa. Dokar ta tsara hanyar: mai haƙƙi ya rubuta wa masu shafin, su sauke, su sanar da wanda ya ɗora, shi kuma yana iya mayar da martani idan yana ganin an zalunce shi. Wanda ya yi ta maimaitawa bayan gargaɗi ana iya dakatar da shafinsa. Wanda kuma ya yi ƙarya da gangan don a sauke aikin wani, shi ma doka ta ɗora masa biyan asarar da ya jawo. Tun kafin wannan doka ma YouTube na da na'urar da ke gane sauti, ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai waƙar.

Akwai wata al'ada da yaran suka ɗauka garkuwa ce. Sai su rubuta a ƙasan bidiyo cewa waƙar ba tasu ba ce, ta wane ce, Allah ya ƙara masa basira. Ambaton sunan mai aiki haƙƙinsa ne, doka ta ba shi, kuma ladabi ne. Sai dai ambato ba izini ba ne. In ka hau babur ɗin maƙwabcinka ba da saninsa ba, shelar da kake yi a hanya cewa nasa ne ba ta mayar da hawan aro. Izini kuwa ba shi da wuyar da ake zato: na amfani kawai, wanda bai hana mai shi ba wa wani ba, ko da baki aka bayar ya yi. Wanda sai an rubuta shi ne sayar da haƙƙin gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya shi kaɗai. Ni dai na ce wa yaron ko saƙon waya ne ya ajiye, don baki yakan manta ranar da kuɗi suka shigo.

Dokar ta bar ƙofofi a buɗe, a sashe na 20: amfanin kai, nazari, sharhi da suka, kawo labari, har da kwaikwayon barkwanci da shaguɓe. Kotu takan duba manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗiba, da ko ya kashe wa mai shi kasuwa. Babu inda aka ce daƙiƙa goma ko talatin halal ne, wannan ma ƙagen intanet ne. Waƙar waje kuma ba ganima ba ce. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Bern, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, tun 1993, don haka karin waƙar Indiya da muka saba ara ba sallama yana da mai shi kamar na gida.

Inda na fi jin abin a raina shi ne waƙoƙin tsofaffinmu. Yara suna cewa ai makaɗin ya rasu, waƙarsa ta zama ta kowa. Haƙƙin waƙa yana tsayawa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, na sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitar da shi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan lissafin waƙoƙinsa zai kai ƙarshen 2061. Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Haƙƙin gado ne, kamar gona. Ko waƙoƙin daɓe da na gaɗa da ba a san wanda ya fara su ba, dokar ta sa su cikin kayan al'ada, kuma mai son cin kasuwa da su daga hukumar zai nemi izini. Duk wanda ya san yadda aka yi shekaru ana kwafar kaset ɗin makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara ana sayarwa a tasha, iyalansu ba su ga ko sisi ba, ba zai ce wannan tanadi zalunci ne ba.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai inda hannun dokar ya yi nauyi. Tsohuwar doka cewa ta yi tara kada ta wuce naira 1,000 a kan kowane kwafi, ɗauri kada ya wuce shekara 5. Sabuwar ta juya maganar: mai buga kwafin sata don sayarwa, tara ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, mai sayarwa ko rarrabawa don ciniki, tarar ita ce dai, ɗaurin kuma daga shekara 3. Abin da yake rufi a da shi ya koma daɓe. Yanzu ka tuna saurayin nan mai turi da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, da tsohuwar kwamfuta da jakar memori. In ya tura wa mutum waƙa 200, aka lissafa kowace a matsayin kwafi, naira 2,000,000 ke nan a kan cinikin da bai kai kuɗin abincin rana ba. An ɗinka rigar ne don manyan masu buga faifan sata da masu shafukan da ke tara miliyoyi, sai ga shi ta rufe har da shi. Mafitar da doka ta bar masa ita ce ya gamsar da kotu cewa bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zaton kwafin na sata ne, abin da zai yi wa mai turi wuyar faɗa.

Sannan an ce a nemi izini, to a wurin wa? Akwai ƙungiyar karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa, MCSN, wadda hukumar ta amince da ita, kuma ta irin wannan hanya ce gidajen rediyo, otal-otal da masu ɗakunan biki ya kamata su biya. Sashe na 27 ma ya buɗe hanyar sake naɗar waƙar da aka riga aka fitar kasuwa, in an sanar da mai ita an biya shi kasonsa. Amma yaron Mabera da ke son yin rimis ɗin waƙar wani makaɗin fada da ya rasu ya bar magada da yawa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Tsoro ya riga bayani isowa Sakkwato.

Da muka gama, na sa shi ya mayar da waƙoƙinsa biyu nan take, na kuma gaya masa cewa su ma dokar na kare su tun ranar da ya naɗe su, ko bai yi rajista ba. Kobobi uku na mawaƙan da ke raye ne, ya tura musu saƙo yana jiran amsa. Rimis ɗin kotson ne na ce ya bar shi a kwamfuta tukuna. Ya yi shiru yana murza waya, can ya ɗago. "To Kawu, wanda yas sace min kiɗi bara yad ɗora muryarshi, shi ma wagga doka ta hau kanshi?" Na ce ta hau. Ya ce in ba shi lambar sashen.