Kifina ya kumbura: amsar tambayoyin da kuke ta turo min

Jama'a, tambayoyin nan kan kumburin kifin ado da ake kiwo a gilashi iri ɗaya ne kullum, ga amsoshin a wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake turo min hoton kifi da tsakar dare.

Mi ke kawo kumburin?

Ruwa ne ya taru a cikinshi. Kifin ruwan daɗi kullum ruwa na shiga jikinshi, ƙoda ke fitar da shi, in ƙoda ta gaza sai ya kumbura. Galibi ƙwayar cuta ce irin Aeromonas, wadda dama tana cikin ruwan, sai ta samu kifin ya yi rauni.

Ya zan gane shi ne?

Leƙa shi ta sama, ba ta gefen gilashi ba. In ɓawon jikinshi ya mimmiƙe kamar bayan abarba, shi ne. Wani lokaci idanu su firfito, kashi ya zama fari siriri yana jan shi, ya daina cin abinci ya laɓe a lungu.

Ba ciki ne da ita ba?

In gofi ce ko moli, ƙananan kifayen adon nan, ɓawo a kwance, tana ci tana yawo, to ciki ne. Su haihuwa suke, cikin na kai wajen wata ɗaya. Ƙyale ta, Hajiya, kada ki zuba mata komai.

Yaushe ka canja ruwa?

Wannan ni ke tambayarku, kuma a nan kowa ke shiru. Mutum zai sayi kifi goma ya zuba a ɗan gilashin da bai kai lita 20 ba, yara na watsa abinci safe, rana, dare, an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya tun jiya, ga zafin Afrilu na Sakkwato da ke wuce digiri 40, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinshi raguwa take, sannan a ce wai kifin ya kumbura haka kawai. Ba haka kawai ba ne. Amoniya da naitarait, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, sifili ya kamata su zama. A rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a ƙara sabo, ba a juye duka ba. Ruwan famfo a sa mishi maganin cire kulorin tukuna. Lokacin hunturu kuma sanyin dare da zafin rana na wahalar da su, a janye gilashin daga bakin taga.

In ba shi magani ko in haƙura?

To a nan ba amsa ɗaya. Ya danganta da lokacin da ka lura. In ciki ne kawai ya ɗan tashi, ɓawo bai miƙe ba, kuma shina ci, mai yiwuwa ma cushewar ciki ce, musamman golfish, kifin adon nan mai ruwan zinare, da anka cika wa busasshen abinci. Hana shi abinci kwana 2 zuwa 3, ba zai mutu ba, sannan ka dafa koren waken nan da ake sa wa firaid rayis, ka ɓare fatar ka murje ka ba shi kaɗan. In ya yi kashi cikin ya sauka, alhamdulillahi.

In kuwa ɓawo ya fara miƙewa, fara da ware shi a wani bokiti mai tsabta wanda omo bai taɓa shiga ba, da famfon iska, ɗumin ruwan ya zo daidai da na inda ka ɗauko shi. Gishirin Epsom da ake samu a kemis na taimakawa wajen rage ruwan jikin: ka raba ƙaramin cokalin shayi gida takwas, kashi ɗaya a lita 20. Amma fa saukaka mishi yake, ba ya gyara ƙoda. Maganin ƙwayar cuta irin kanamaisin wasu na dacewa da shi, an fi samun sa'a in kifin na ci har a haɗa mishi a abinci, kuma ni dai shawarata a nemi likitan dabbobi ya faɗi adadi, muna da su a garin nan, har tsangayar likitancin dabbobi gare mu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kada ka fasa kafso na mutane ka juye a babban gilashi, zai iya kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin matatar ruwan, amoniya ta hau, ka rasa sauran da ke lafiya.

Gaskiyar da ba ku son ji ita ce, in ɓawo ya miƙe ko'ina, mafi yawansu ba su tashi. Akwai masu tashi, shi ya sa ba na cewa kada a gwada. Amma in mako ya zagayo bai ci ba, shina kwance a gefe ɗaya shina haki, barin shi haka azaba ce. Man kanumfari, wajen rabin mililita a lita 1, a kaɗa shi da ɗan ruwa a riƙa zubawa sannu a hankali, zai yi barci ya tafi. A bar shi ciki aƙalla minti 30 bayan numfashi ya tsaya. Kuma kada ka ɗora wa kanka laifi fiye da kima, ɗan'uwa, wani kifin tun daga wurin mai sayarwa ya zo da ciwonshi.

In tsaga cikin da allura ruwan ya fita?

A'a. Zai sake taruwa, ga rauni ka ƙara mishi.

Gishirin girki fa?

Ba shi nike nufi ba. Epsom daban ne.

Sauran za su ɗauka?

Kumburin kanshi ba ya tsallakawa, amma ruwan da ya kayar da ɗaya shi sauran ke ciki. Canja ruwa yau, rage abinci, ka sa musu ido.

Mutum na iya ɗauka?

In akwai ciwo ko yanka a hannunka kada ka tsoma shi, wasu ƙwayoyin ruwan kifi na shiga ta nan. Wanke hannu da sabulu. Mataccen kuma a binne shi, kada a jefa wa kyanwa, kada a zuba a kwata.