Sanin abokan gurup ta hanyar sha'awarsu da ra'ayinsu

Sanin abokan gurup ta hanyar sha'awa da ra'ayi wata dabara ce da mutanen da suka haɗu a intanet, galibi WhatsApp da Facebook, suke bi don su gane wane ne wane alhali ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. A gari in ana son sanin mutum tambaya ake, ɗan gidan wa ne, wace unguwa, wa ya san ubansa. A gurup kuwa babu wannan, lamba ce kawai da hoto, wani ma hoton ba nasa ba ne na Messi ne ko na wani shehi, to sai a koma ana lura da abin da yake so da kuma inda yake tsayawa in gardama ta tashi. A Yamai da Tawa, a ƙasar Nijar, abin ya zama ruwan dare, da wuya ka samu mai babbar waya da ba ya cikin gurup na dangi, na unguwa, na ƴan lakkal ɗinsu, da na ƙwallo ko kokowa.

Asali

Abin ya girmi intanet. Tun 1957 sashen Hausa na BBC ke watsa shiri, Jamus ta bi a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma masu rubuto wasiƙu da masu aika gaisuwa sun san sunayen juna tun daga Tawa har Kano ba tare da sun gaisa hannu da hannu ba, an dai san wane kullum maganar noma yake, wane kuma siyasa. A Nijar, zamanin mulkin Seyni Kountché ƙungiyar samariya ce ke tara matasa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 sai fada ta bazu a birane, samari su kafa benci a ƙofar gida, ga buta bisa gawayi ga karta ga rediyo, kowace fada da sunanta a rubuce jikin bango. Gurup ɗin yanzu ɗan fada ne, ya gaji shugaba wato admin, ya gaji doka da tara da ba'a, shayin kawai ne babu.

Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, amma abin da ya buɗe ƙofa ga kowa shi ne vokal, wato saƙon murya, da WhatsApp ya kawo a 2013, don mutane da yawa ba su rubuta Faransanci ko boko amma baki kowa na da shi. Tsoho a ƙauyen Adar ya danna ya yi magana, ɗansa a Abijan ya ji. A da gurup ba ya wuce mutum 256, a 2022 aka ƙara har 1024, wanda gaskiya ya wuce hira ya zama kasuwa.

Shigowar baƙo

Yadda aka saba, admin ya sa lamba sai ya ce ga baƙo mun yi, malam a gabatar da kai. Baƙon ya yi sallama ya faɗi suna da gari da sana'a. Daga nan ne aikin ke farawa, in ya ce shi Bagobiri ne kafin ya rufe baki wani Bazabarme ya aiko vokal yana cewa madalla bawana ya iso, a ba shi tsintsiya. In Bafillace ne Barebari da Arawa su taso masa. Wasan taubasai ne, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar, kuma a gurup shi ne gwajin farko, wanda ya rama da dariya an san za a zauna da shi lafiya, wanda ya kumbura ya ce shi ba a yi masa haka to an gane shi tun ranar. Tambaya ta biyu kusan kullum ita ce Barsa ko Madrid.

Sha'awa

Kokowa ta fi komai tona mutum. Gasar takobi ta ƙasa, wato gasar kokowa da ake ba gwaninta takobi, a Tawa aka fara ta a 1975, Yacouba Kantou na Maraɗi ya ɗauka, kuma tun daga nan take zagaya jihohi, jiha takwas kowace da ƴan kokowa goma. In lokacinta ya zo gurup ba ya barci. Akwai wanda ke gaban Télé Sahel yana ba da labari kai ka ce shi ne ɗan jarida, an shiga fili, an kama, ya ɗaga shi, ya kada shi wallahi ya kada shi! Akwai wanda ba ruwansa da wanda ya fi gwaninta shi dai jiharsa, in ɗan Tawa ya faɗi sai ya ce alƙali ne ko asiri ne. Akwai tsohon hannu da zai ce ku yara ba ku ga Kadade ba ba ku ga Salma Ɗan Rani ba, ya yi vokal na minti bakwai kan yadda ake kama ƙugu a da, a nan sai a gane shekarunsa ko bai faɗa ba. Da Issaka Issaka na Dosso ya yi ta ɗaukar takobi kuwa, an ga masu iya yabon gwani ko ba nasu ba ne, an ga kuma waɗanda abin ya tsaya wa a wuya. Mako guda na takobi ya fi wata shida na ina kwana ina gajiya nuna halin mutane.

Ƙwallo ma haka, sai dai ta Turai ta fi cin hira, Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, sai in tana wasa ake tunawa da ita, kamar lokacin da ta je kofin Afirka a 2012 da 2013. Masu kiwo nasu salon daban ne, hoton balami ko tattabaru ko zabi, da tambayar maganin zawo da farashin dusa, kuma a cikinsu ake saurin gane mai sani da mai cika baki don dabba ba ta ƙarya, in Layya ta matso kowa zai ga ragon. Gurup ɗin mata sun fi karkata ga girki, lalle, turaren wuta, ɗinki, finafinan dandalin soyayya da adashe, a nan wadda ke amsa tambayar amarya da haƙuri ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ita ke zama anti ko hajiya ta kowa, ko da a shekaru ba ta kai ba.

Sitatu ma, wato abin da mutum ke ɗorawa a WhatsApp ɗinsa kowa ya gani, ana karanta shi. Mai sa karatun Alƙur'ani da asuba da waƙa da dare, mai sa kayan sayarwa kullum, mai habaici da ba a san da wa yake ba.

Ra'ayi

Sha'awa ke haɗa mutane amma ra'ayi ke nuna ko zaman zai daɗe, shi ya sa Hausawa ke cewa sai hali ya zo ɗaya ake abota. Yawancin gurup na da doka a rubuce, ban da siyasa ban da gardamar addini, kuma yawanci ba a bin ta. Watan Maulidi na zuwa za a san ɗan ɗariƙa mai shirin tafiya Kiota da ɗan Izala, ko ba su yi musu ba abin da kowa ke turowa ya isa. Haka ganin watan azumi da na Salla. A siyasa kuma zaɓen Fabrairun 2021 ya raba gurup da yawa har aka yanke intanet na waya na kwanaki, sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, lokacin gurup ɗin da ke haɗa ƴan Nijar da ƴan Najeriya sun sha zafi, mutanen da suka shekara suna dariya kan ƙwallo sai ga su suna jifan juna da magana.

Amma fa ba ra'ayin kansa ake aunawa ba kamar yadda mutum ke riƙe shi. Wani ya saɓa maka ya kawo hujja ya ce Allah ya sa mu dace, gobe ya gaishe ka. Wani ya turo duk abin da ya gani ba bincike, in an ce ƙarya ne ya ce ni ma turo mini aka yi. Wani ya fita daga gurup cikin fushi bayan kwana biyu ya bi admin ta bayan fage yana dan Allah a maida ni. Shiru ma ana fassara shi, ko da yake shirun yanzu ba lalle rashin ra'ayi ba ne, dokar laifukan intanet ta 2019 wadda aka ƙara tsaurara a 2024 ta sa mutane da yawa suna tauna magana kafin su danna, musamman ma'aikatan gwamnati.

Iyakar hanyar

Abin da sha'awa da ra'ayi ba su nunawa shi ne amana. Mutum na iya sanin tarihin takobi tun daga 1975, yana turo hadisi kullum da safe, a ba shi kuɗin adashe ya kashe waya. Kowa abin da yake so a gani shi yake sawa, kuma ƴan damfara sun san haka sarai, su ma sha'awar suke bi su shigo, mai sayar da rago da hoton ragon wani, mai neman aure da hoton wani. Don haka in magana ta kai ga kuɗi ko aure sai a koma tsohuwar hanya, wa ya sa shi a gurup, wa ya san gidansu, a kira shi bidiyo, a tura wani ya je ya gani.

Gurup ɗin ƴan gari ɗaya, irin na ƴan ci-ranin Tawa da ke Kodebuwa da Libiya da Aljeriya, su nasu a juye yake, an san asalin kowa har kakansa, abin da ba a sani ba shi ne yadda zaman waje ya canja shi, sai a vokal ake jin wane ya koma mai wa'azi wane kuma siyasa ta ɗauke shi. A irin waɗannan in an yi rasuwa ko za a gyara rijiya ko masallaci admin na fitar da sunaye da abin da kowa ya bayar, mai jika biyu mai jika goma, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa surutu ranar takobi sai a nemi sunansa a rasa, wanda bai taɓa cewa uffan ba sai sitika shi ne a sama.